In ɗauki kuɗin adashena in saya wa Baba lasifika mai jin magana?

Assalamu alaikum, Anti. Ni malamar makaranta ce a Ngaundere, ƙasar Kamaru, shekarata 34, ina da aure da 'ya'ya uku. Iyayena suna Garwa. Mahaifina tsohon direban motar auduga ne, ya haura 70, kuma shekara biyu ke nan ganinsa na raguwa. A da shi ke karanta Alƙur'aninsa bayan asuba, shi ke murɗa rediyonsa ya kamo labarai. Yanzu baƙaƙen sun gagare shi, wayarsa ma sai ya jira wani jika ya zo ya latsa masa. Da na je hutu na tarar da shi a zaure shi kaɗai, rediyo a cinyarsa yana ta shuuu, ya kasa kamo tasha. Na shige ɗakin Inna na yi kuka.

Yayana da ke aiki a Faransa ya ce akwai wata lasifika mai jin magana, HomePod ta kamfanin Apple, wadda Baba zai ce mata kawai ta sa masa karatu ko labarai, ta sa. Ya ce a can yuro 349 ake sayar da ita, in kawo rabi ya cika rabi, ya taho da ita in zai zo hutu. Ƙarshen watan nan zan ɗauki adashe, jaka 150, wato sefa dubu 150. Maigidana ya ce almubazzaranci ne da son a sani, ga kuɗin makarantar yara na tafe. Maganar ta ɓata mini rai, har mun kwana biyu ba ma hira. Inna kuma ta ce ba ta son abin da zai zauna mata a gida yana sauraron hirar mutane. Yaya ya ce duk ƙauyanci ne. Baban bai sani ba, so muke ya gani kwatsam. Wayata Tecno ce, ta Baba ƙarama ce mai madanni, kuma babu intanet na gida a can. Anti, in saya ko in bari? Tsorona kada in bari, wata rana in zo ina da-na-sani cewa na yi wa mahaifina rowa.

'Yar Baba, Ngaundere

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma duka biyun a zauren nan na tsaya, inda dattijon da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ratsa hanyoyin arewa da mota cike da auduga yake zaune yau yana laluben tasha da yatsa. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alherin wannan kukan. Wadda ta yi niyyar miƙa adashenta don mahaifinta ya samu abokin hira ba a kiranta marowaciya, ko ta saya ko ba ta saya ba. Ki ajiye wannan tsoron tun daga nan.

Amsata ita ce kada ki saya. Ba wai don Baba bai cancanci kayan tsada ba. Dalilina shi ne wannan na'urar, a wannan gidan, ba za ta yi masa aikin da kike fata ba, kuma akwai inda kuɗin nan zai fi kai wa ga abin da ya sa ki kuka. Amma na san “Anti ta ce a'a” ba zai ishe ki hujja a gaban yayanki ba, don haka bari in warware miki.

Abin da ake ajiyewa a ɗaki kunne ne da baki kawai. Ƙwaƙwalwar tana can cikin manyan kwamfutocin kamfanin a wata ƙasa. In mutum ya kira sunanta, Siri in ta Apple ce, Alexa in ta Amazon ce, sai ta ɗauki maganarsa ta aika ta intanet, a can a gane abin da yake nufi, a dawo da amsa. Haka suke aiki tun da Amazon ya fito da Echo na farko a 2014. Saboda haka abu uku ne ke riƙe da ita: wutar da ba ta yankewa, intanet da ba ya yankewa, da harshen da ta sani. A gidan yayanki duk ukun suna nan, shi ya sa abin yake burge shi, kuma ba ƙarya ya yi miki ba. Makafi da tsofaffi da yawa a Turai suna amfana da irinta sosai. A zauren Baba kuwa, ban ga ko ɗaya daga cikin ukun a tsaye da ƙafarsa ba.

Harshen ne ya fi damuna. Siri ba ta jin Hausa, Alexa ba ta jin Hausa, kuma babu wadda ke jin Fillanci a cikinsu. Larabcin da Amazon ya saka wa Alexa a ƙarshen 2021 don Saudiyya da Daular Larabawa aka yi shi, ba Larabcin Shuwa da ake ji a kasuwar Kusiri ba ne. Abin da ya rage wa Baba shi ne Faransanci. Na tabbata yana da nasa, na tasha da na shingen jandarma, wanda ya ci abinci da shi shekara da shekaru. Amma ki yi tunanin yadda abin zai kasance: ya haɗa umarni da Faransanci, ya cusa sunan sura da Larabci a ciki, ya ƙara da sunan alarammar da yake so, duk da karin harshen Bahaushen Garwa. Wani lokaci za ta gane. Sau da yawa za ta ce ba ta fahimta ba, ko ta sako masa kiɗan da bai nema ba ana tsaka da shirin sallar asuba. Zai maimaita, ya ɗaga murya, jikoki su kama dariya, ba da mugun nufi ba, don yara ne. Mutumin da idonsa ya riga ya mayar da shi mai neman taimako a cikin gidansa ba ya buƙatar wani abu kuma da zai riƙa nuna masa cewa bai iya ba. Dattawanmu ba sa ƙorafi a kan irin wannan. Godiya zai yi muku, ya sa muku albarka, bayan mako biyu ya ce a ɗauke ta a adana kada ƙura ta ɓata ta.

Ko da ta gane shi, me za ta kawo masa? Tafsirin malaman da ya saba ji a watan azumi, na Garwa da Marwa da Kano, ba a rumbun waƙoƙin Apple yake ba. A katin memori yake yawo, da WhatsApp, da hannun yaran nan masu tura karatu a bakin kasuwa. Abin mamaki ma, Tecnon da ke hannunki ta fi wannan lasifikar jin Hausa, domin a watan Oktoba na 2024 Google ya ƙara Hausa cikin harsunan da mutum zai yi wa waya magana ta rubuta masa ko ta bincika masa.

Sai kuma wani abu da nake jin yayanki ya manta da shi saboda shi iPhone yake riƙewa. HomePod ba ta saituwa sai da iPhone ko iPad. Ba ta karɓar sauti ta Bluetooth daga waya irin taki, ba ta da ramin katin memori, ba ta da inda ake jona mata waya, ba ta kuma da batir. Yaya zai zo ya saita da wayarsa, a sha daɗinta mako uku, ya koma Faransa da wayar a aljihunsa. Ranar da akwatin intanet ya lalace aka sake wani, ko wani jika ya taɓa abin da bai kamata ba, wa zai gyara? Ke kina nesa da sama da kilomita 270, kuma wayarki ba ta iya magana da ita.

Batun wuta ba sai na koya miki ba. Jihohinmu uku na arewa sun daɗe suna dogaro da madatsar Lagdo da ke kan Binuwai, wadda aka gama a 1982, kuma megawat 72 ɗin da aka gina ta a kai sai ruwa ya cika ake samu. In rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, kowa ya san abin da ke biyowa. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gider da aka buɗe a 2023 sun rage wahalar, amma ba su kawar da ita ba. Duk sa'ar da aka ɗauke wuta lasifikar ta yi shiru, kuma lokacin ne Baba ya fi bukatar abin ji, cikin duhu da zafi, fanka a tsaye. Dawowar wutar ma abin tsoro ce: ni kaina na yi asarar talabijin a dare guda da aka maido da wuta da ƙarfi, har yau ina jin ciwon abin. Ga zafin gari. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa an yi na'urar ne ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, alhali Garwa a watan Maris da Afrilu tana haura 40. Jikinta kuma saƙa ce mai ƙananan huda, wadda ƙurar hunturu za ta samu wurin kwana a ciki.

Mu zo kan lissafi, tunda nan ne rigimarku da maigida ta taso. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, don haka yuro 349 ya kama kusan jaka 229. Rabonki kusan jaka 115 ke nan, saura 35 a hannunki. Mafi ƙarancin albashin da gwamnati ta yanka a 2023 ga ma'aikacin kamfani da ba na gona ba sefa 60,000 ne, wato na'urar ta kusa cinye albashin wata huɗu na irin wannan mutumin. Kuma kuɗin saye shi ne ƙaramin. Dole a sayi akwatin Wi-Fi, a sayi na'urar daidaita ƙarfin wuta, sannan a riƙa zuba data kowane wata. Sauti mai matsakaicin kyau, irin na kilobit 256 a daƙiƙa, yana shan kusan megabait 115 a awa. In Baba ya saurara awa huɗu a rana, kusan gigabait 14 ke nan a wata. Tashoshin rediyo ba su kai haka ci ba, amma su ma ta intanet za su zo, abin da rediyonsa ke kamowa kyauta daga iska. Rumbun karatu da waƙoƙi kuma yana da nasa kuɗin wata, da katin banki ake biya. Wa zai ɗauki wannan? In ke ce, kin ƙara wa albashin malanta wani baki. In aka ce Yaya, to duk watan da ya sha'afa, Baba zai kira na'ura ta yi masa shiru, kuma kunya ba za ta bar shi ya tuna muku ba. In ta lalace kuwa, kamfanin ba shi da shago nasa na kansa ko ɗaya a duk Afirka, kuma ba na jin mai gyaran waya a kasuwar Garwa zai samu kayanta. Su kansu kamfanonin suna sauya ra'ayi: HomePod ta farko ta fito a 2018, aka daina yin ta a Maris na 2021, aka dawo da sabuwa a 2023. Google ma ya daina babbar lasifikarsa, Home Max, a ƙarshen 2020. Rediyon da ke cinyar Baba ban san shekarunsa ba, amma ina kyautata zaton ya girmi ɗanki na fari.

Ba zan zalunci na'urar ba. Sautinta yana da kyau ƙwarai, tana auna ɗakin da take ciki ta daidaita kanta, kuma wanda yake da iPhone da intanet mai ƙarfi da wuta tsayayya, yana kuma son kiɗa ya cika masa falo, bai yi asarar kuɗinsa ba. Yawancin tsadar a kan sautin nan aka biya ta. Jin maganar kuwa, ƙananan 'yan'uwanta masu araha suna yi daidai da ita. Baba ba amon ganga yake nema ba. Muryar mai karatu da ta mai labarai yake so ta fito sarai, kuma wannan ƙaramar lasifika ma tana yi.

Yanzu Inna. Ban ji daɗin kalmar ƙauyanci ba, kuma ina so ki faɗa wa yayanki haka cikin ladabi, domin abin da Inna ta hango da hankalinta shi ne abin da aka yi ta shari'a a kansa a Amurka. Gaskiya ne an tsara na'urar ta jira sunanta kafin ta aika komai, amma takan ji wata kalma ta zaci ita aka kira, ta ɗauki hirar da ba da ita ake ba. A 2019 aka fallasa cewa Amazon da Apple da Google duk suna da ma'aikatan da ke sauraron wasu daga cikin muryoyin da aka ɗauka don gyara aikin na'urar, har Apple ya fito ya ba da haƙuri a watan Agusta na shekarar. A farkon 2025 ya amince zai biya dala miliyan 95 don a rufe ƙarar da aka kai shi kan Siri, ko da yake bai amsa laifi ba. Amazon kuwa ya amince da biyan dala miliyan 25 a 2023 kan ajiye muryoyin yara. Ba ina nufin akwai wani a Turai da ya ƙosa ya ji hirar Inna da maƙwabciyarta ba. Amma gidanta ne, a nan ake maganar aure da bashi da rashin lafiya, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita ce za ta zauna da abin dare da rana, ita ce kuma ke jinyar Baba alhali ku kuna nesa. Duk abin da za a kai gidan nan, da yardarta za a kai.

Maigidanki ya yi daidai a lissafi, ya yi kuskure a lafazi. Kuɗin adashenki naki ne, addini ma ya bar wa mace dukiyarta, kuma hidimar iyaye ba son a sani ba ce. Wannan kalmar ce ta yi miki ciwo, ba kuɗin ba, kuma kina da haƙƙin ki gaya masa. Sai dai ki dubi nasa ɓangaren: Satumba na matsowa, yara uku, littattafai da kayan makaranta da kuɗin rajista, ga wani daga Faransa yana tsara yadda za a kashe kuɗin da ke cikin gidansa ba a tuntuɓe shi ba. Namiji yakan ji wannan a ransa ko bai furta ba. Kada ki bari shirun ya kai kwana na uku. Bayan yara sun kwanta ki ce masa, “Baban yara, na yi tunani, na fasa sayen lasifikar. Amma maganar son a sani ta yi mini zafi, don ka san yadda na baro Baba. Ina so ka taya ni shawarar abin da zan yi masa da wani kaso na kuɗin.” In kika sa shi cikin shawarar, ina sa ran za ki ga mutumin da ya ce almubazzaranci shi ne zai fara tambayar farashin sola.

Ga abin da ya fi komai tsaya mini a rai, kuma ban gan shi a wasiƙarki ba. Kin ce shekara biyu ganin Baba na raguwa. Likitan ido ya duba shi? Mu nan da zarar tsoho ya fara lalube sai mu ce tsufa ne, mu yi addu'a, mu saba. Alhali yanar ido tana cikin manyan abubuwan da ke makantar da tsofaffi a duniya, kuma tana cikin waɗanda aka fi iya gyarawa. Aiki ne da yawanci ba ya kai awa guda, ana kashe zafin wurin ba tare da an sa mutum barci ba, a cire ƙwayar da ta yi hazo a sa ta roba, kuma da yawa sukan koma karatunsu da tabarau. Ni ba likita ba ce, ban kuma ga idon Baba ba. Yana iya zama wani abu dabam, kamar hawan jinin ido, wanda abin da ya ɓata ba ya dawowa amma ana iya tsayar da shi in an kama shi da wuri, ko kuma ciwon sukari ne ya taɓa idon. Kowanne ne, jinkiri ba ya taimakonsa. Ku kai shi sashen ido na babban asibiti a nan Garwa, a auna ƙarfin ganin, a auna nauyin idon, a duba sukari da hawan jini, ki kuma tambayi kuɗin aiki tun a ranar in an ce aiki za a yi. Ina roƙonki da girman Allah kada ku bari masu cire yana na gargajiya su kusanci idonsa da tsinke. Sukan tura ƙwayar ciki, mutum ya ga haske kwana kaɗan, daga baya idon ya mutu gaba ɗaya. Kina neman na'urar da za ta karanta wa Baba. Ni burina a fara gwada ko Baba zai koma karanta wa kansa.

Nan ne yayanki zai shigo da girmansa. Kada ki ɗauki maganarsa a matsayin girman kai zalla. Wanda ke nesa da gida yana ɗauke da nauyin da mu na kusa ba mu cika gani ba. Yana jin labarin mahaifinsa ta waya, ba ya iya riƙe masa hannu zuwa masallaci, sai ya nemi abu mafi kyau da ya sani a inda yake ya ce a kai masa. Ke ma, in kin duba zuciyarki, akwai irin wannan a cikin niyyarki. Don haka kada ki ce masa shawararsa banza ce. Ki aika masa saƙon murya ki ce, “Yaya, na bincika, abin ba ya jin Hausa, sai da iPhone ake saita shi, kuma ka san halin wutarmu. Ga abin da nake gani: rabinka ya tafi kan idon Baba, in an ce aiki sai a yi shi lokacin hutunka, kai ka kai shi ka dawo da shi.” Ba na jin akwai ɗan da zai fifita ɗauko kwali daga jirgi a kan ya kasance shi ne a tsaye ranar da aka kwance wa mahaifinsa bandeji.

In duk da haka ya dage sai an gwada, akwai hanyar da ba ta taɓa adashenki ba. Ya sayi ƙaramar Echo Dot da kuɗinsa, wadda ake sayarwa kusan dala 50 a Amurka. Tana jin Faransanci, tana karɓar sauti ta Bluetooth daga kowace waya, tana kuma da madannin kashe kunnenta a samanta, wanda Inna za ta iya latsawa da hannunta. Ya saita ta da asusunsa, ya jona ta da intanet ɗin wayarsa, a ajiye a zaure ba a ɗakin Inna ba, a ga yadda Baba zai yi da ita a makonnin hutun. Gani ya kori ji. In Baba ya kama ta da hannu biyu, ni ce farkon mai murna, sai a zauna a yi maganar wanda zai riƙa biyan data. In bai kama ba, Yaya ya mayar da abarsa jaka.

Kafin duk wannan, akwai abin da za ki iya yi a watan nan. A kasuwar Ngaundere ko ta Garwa ki nemi rediyo mai caji da ke cin katin memori, mai ƙaramin faifan sola ko a jikinsa ko a haɗe, wanda ke kama FM da gajeren zango. Ba zai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin HomePod ba. Ki zaɓi mai manyan madannai da yatsa ke iya bambancewa, in da hali mai lambobi, domin in an jera surori 114 bisa tsarinsu, danna lamba kawai zai yi ta kai shi surar da yake so, kuma mutumin da ya yi shekaru yana karatu ya san jerinsu a ka. Ki gwada shi a gaban mai shago kafin ki biya. Ki sayi kati biyu, ɗaya na karatu, ɗaya na tafsiri da wa'azi, ki ɗaura wa ɗaya zare a jakarsa don ya gane su da taɓawa. A kan madannin kunnawa da na tashar da ya fi so ki ɗiga ɗan gam ya bushe ya yi tudu. In rediyon mai ajiye tasha ne, a ajiye masa sashen Hausa na BBC, wanda tun 1957 yake magana da irin su Baba, da gidan rediyon jiha don sanarwar gari da ranar da ƙungiyar ƙwallon Coton Sport ke wasa. Ƙaramar wayarsa ma a saita masa kiran gaggawa: ya danne 2 ke ce, ya danne 3 Yaya ne. In kuɗi ya ragu bayan an ware na makarantar yara, ƙaramar sola mai ɗaukar fitila biyu da fanka za ta yi wa shi da Inna amfani a watan Afrilu fiye da kowace lasifika.

Ki kuma lura da wani abu game da jikan nan da ke zuwa latsa masa waya. Kin gan shi a matsayin alamar gazawar Baba, amma mai yiwuwa zuwan yaron shi ne abin da Baba ya fi jira a yini. Kada a kawo abin da zai sallami yaron. A maimakon haka a mayar da shi aiki mai daraja: bayan la'asar ya zo ya biya allonsa ko ya karanta shafi ɗaya, kaka yana gyara masa daga ka. Ke kuma ki tsayar da lokaci guda da ba ya tashi, ko minti goma ne bayan isha'i, ki kira, ki ba yaranki su gaishe shi ɗaya bayan ɗaya. Zumunta a ƙafa take, amma daga Ngaundere murya ma tana isa, in ta saba zuwa a kan lokaci.

Batun a ba shi kwatsam kuwa, ku bar shi. Mutum huɗu kuna ta ja-in-ja a kan abin da Baba yake buƙata, shi kuma yana zaure ba wanda ya tambaye shi. Wanda ganinsa ya ragu abin da ya fi ƙona masa rai shi ne a fara yanke masa hukunci a bayansa kamar yaro. In kin ɗauki adashen, ki hau mota ranar Juma'a da yamma ki kwana Garwa. Da safe ki kai masa kununsa da kanki, ki zauna a kan tabarmar, ki ce, “Baba, me ka fi kewa tun da idon nan ya fara?” Ki yi shiru ki bar shi ya gama, ko da ya fara da cewa babu komai, alhamdu lillahi. Daga nan ki nemi izininsa a kai shi wurin likita, ki ce Yaya ne zai ɗauki nauyi in ya yarda. Ki gaishe mini da Inna, kuma ki rubuto mini abin da likitan ya ce.